Kalmar da Ta Maƙale a Hannun Dama

Zuwa ga ƙanwata, Sarauniyar Tambaya,

Sallama da gaisuwa mai yawa, ke da maigidanki da 'yan biyunki. Kada rubutun ya tsorata ki, ba kaza ce ta taka tawada ba, ni ne da hannun hagu. Na san za ki ce sai yau na tuna da ke, kuma gaskiyarki ce. Kakarki da kakata ciki ɗaya suka fito, amma mu jikoki mun bar zumuncin ya yi tsatsa. Tun da kika gama karatu kika bar gidan nan, ban jin na rubuto miki abin da ya wuce "gyaranki ya shiga, na gode".

Jiki da sauƙi. Sati shida ke nan da ɓarin jikina na dama ya shanye. Ina tsaye a bakin famfo ina wanke kofi, kawai na ga kofin a ƙasa, ban san lokacin da na sake shi ba. Kwana goma sha ɗaya na yi a asibiti. Yanzu ƙafa tana ɗan jan jiki, baki ya yi nauyi, shi ya sa ba na karɓar waya. Hannun kuwa yana kwance a cinyata kamar baƙon da bai san kowa a gidan ba. Likitar gashi, mai gasa min gaɓoɓi tana motsa su, ta ce in riƙa rubutu da hagu, na ce to, faɗuwa ta zo daidai da zama.

Kin san aikina, amma bari in faɗe shi yadda matata, Antinki, za ta gane, don ita ke duba takardun nan kafin a kai tasha, ita kuma za ta karanta min amsarki in idona ya gaji. Shekara goma sha bakwai ina riƙe da laburaren nan, wato guntun manhajar da ke tambayar mutum ko shi wane ne kafin kwamfuta ta buɗe masa. Mai Gadi nake ce masa. Masu rubuta shi daban suke. Nawa shi ne in sun fitar da sabo in ɗauko, in gyara shi ya zauna daidai a babbar manhajarmu, in gwada, in ɗaure shi ƙunshi, in sa hannu, in tura rumbu. Daga rumbun nan kowace kwamfuta mai manhajarmu take ɗauka, ta asibiti da ta makaranta da ta mai shago. Aikin sa kai ne, kuma ba wanda ya san da ni sai ranar da ƙofa ta ƙi buɗuwa.

Sa hannun yana cikin ɗan makullin ƙarfen nan da nake ratayawa a wuya. A cusa shi a kwamfuta, a buga kalmar sirri, shi ke nan. To ƙanwata, kalmar ta ɓace min. Ashe duk shekarun nan a yatsuna take zaune, kaina ya daɗe da sauke ta. Sai in zauna yatsu su buga abinsu ina tunanin wani abu daban. Yanzu hagu ya san rabonsa, dama ya tafi da nasa. Makullin kuma in aka yi masa kuskure sau uku, ya kulle kansa har abada. Na gwada sau ɗaya da hagu, ya ƙi. Saura biyu.

A dokar ƙungiyarmu ta masu kula da manhajar, mai riƙon ƙunshi in ya kwana casa'in bai aiko saƙo mai sa hannu ba, ƙunshin ya zama maraya, sai a ba wanda ya fi yi masa hidima a kwanan nan. Saura min kwana arba'in da uku. Akwai wani da ya ɓullo wata takwas da suka wuce, ba wanda ya taɓa ganin fuskarsa, faci kan faci yake aikowa, wato ƙananan gyare-gyare, ga ladabi kamar ya kwanta a taka shi. Mai Zumuɗi nake kiransa. Ban kama shi da komai ba. Amma mutumin da ya zo jiya yake ƙaunar ƙofar gidan mutane haka, hankalina bai kwanta da shi ba.

Layi ɗaya nake so in sa wa hannu: na miƙa Mai Gadi ga ƙanwata. Kina da rajista a ƙungiyar, facinki bakwai suna ciki, kuma ni na koya miki aikin a teburin nan. Ki yi tunani ki amsa min.

Yayanki na nesa.

* * *

Yaya,

Ina kwana, ya ƙarfin jiki? Allah Ya ƙara afuwa, Ya sa kaffara ne. Mu nan lafiya lau, sai 'yan biyu da suka yi mura suka raba mana, kamar yadda suke raba mana komai banda abin daɗi.

Wallahi na yi fushi. Sati shida kana kwance, a ce sai a takarda zan ji? Ni ba 'yar gidan ba ce? Shekara huɗu ina cin abincin Anti ina fasa mata kofuna. Na karanta wasiƙarka a tsaye a ƙofar ɗakin kwamfutocinmu na kwaleji, sai da na nemi kujera. Na kira wayar Anti, ta ce ka ƙi karɓa. Na nemi hutu, Oga ya ce sai an gama jarrabawa, don kwamfutoci ɗari biyu ne a wuyana kuma ni kaɗai ce. Ina ganin hanyar, ba halin bin ta.

Yanzu bari in yi halin nawa. Ba ka da kwafin makullin? Kai da ka hana ni barci da wa'azin cewa kada in taɓa gwada Mai Gadi sai na bar taga ɗaya a buɗe, don in ya lalace kada in kulle kaina a waje? Ba ka rubuta kalmar a ko'ina ba, ko bayan kalanda? Magana ce mai ma'ana ko tarkacen haruffa? Na tuna tana da tsawo, don har ina yi maka tsiya cewa kafin ka gama bugawa shayi ya huce.

Kada ka sake gwadawa da hagu, don Allah. Ka zauna ka tuna shekarar da ka yi makullin, me ke ranka a lokacin, me ya faru a gidan. Kuma Anti ta fi kowa saninka. Shekara nawa tana wucewa ta bayanka tana ganin hannunka a kan kibod? Wataƙila abin da ka manta yana wajenta. A gwada ta, ba a raina mai ɗaki.

Na kuma yi wani abu, ina fatan ban yi azarɓaɓi ba. Na rubuta wa magatakardan ƙungiya a zaurenmu na intanet da kowa ke karantawa, na ce kana jinya, a tsayar da lissafin kwanakin. Mutanen nan shekara goma sha bakwai suna cin guminka. In ba su ɗaga maka ƙafa ba, wa za su ɗaga wa?

Maganar miƙa min Mai Gadi kuwa, Yaya, ta fi ƙarfina. Ni mai liƙa faci ce. Ka bari ka warke tukuna, mu yi maganar a zaune. Ka sha magani, ka daina yi wa likitar gashi gardama, don na san kana yi.

Ki gaishe da kanki, Anti, tun da ke ce mai karatun.

Ƙanwarka.

* * *

Ƙanwata,

Gaisuwa. Mun samu takardarki. Jikina yana nan yadda yake, Antinki ce dai ba ta cin abinci kwana uku.

Saura gwaji ɗaya.

Ranar Talata ɗan maƙwabcinmu ya kai ni gashi. Antinki ta zauna ta sake karanta layinki inda kika ce a gwada ta. Ke kina nufin in tambaye ta, na sani. Ita ta ɗauka aiki kika ba ta. Na bar makullin a kan tebur don za a gasa min wuya. Ta cusa shi, ta buga sunan 'yarmu ta fari, wadda ta rasu tun kafin ki zo gidan nan, da shekarar haihuwarta. Ta ce ta tabbata ba abin da zan ɓoye a zuciya sai wannan. Na dawo na same ta zaune a ƙasa a gindin tebur, ta ɗora hannu a ka.

Na yi mata tsawa. Shekara talatin da ɗaya ban taɓa yi ba. Abin takaicin, da wannan bakin nawa ko kalma ɗaya ba ta gane ba, ƙarar kawai ta ji. Daga baya ta tambaye ni a hankali, "To in ba ita ba ce, mece ce ta fi ta a wajenka?" Ta yaya zan ce mata da gangan na zaɓi abin da ba ya nufin komai, don kada wanda ya san ni ya cinka?

Tambayarki ta kwafi: babu. A cikin ƙarfen aka haifi sa hannun, ba ya fita, ba ya kwafuwa. Na sha yin alfahari da haka a gaban yara masu ajiye nasu a faifai. Tagar da nake ce miki ki bari a buɗe, ni ban bar wa kaina ba.

Magatakarda ya amsa miki, na gani, Antinki ta buɗo min a waya. Yana jajantawa, amma saƙon da ba sa hannun mai ƙunshi ba ya tsayar da lissafi, in ji sashe na huɗu na dokarmu. Kin san wa ya rubuta sashe na huɗu? Ni. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce wani ya zo ya ce shi ƙanen wani memba ne, yayansa na asibiti, a ba shi riƙo. Ƙarya ce, da ƙyar muka tare shi. Ni na miƙe na ce daga yau ko uwar mutum ce ta rubuto, in ba sa hannu a ɗauke ta baƙuwa. Aka yi ta yaba min. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Abin da kika jawo shi ne wannan. A da ba wanda ya san ina kwance. Minti arba'in da saƙonki Mai Zumuɗi ya rubuto addu'a mai tsawo, ya ce a shirye yake ya ɗauki nauyin in ta kama. Mutum shida sun gode masa. Wa ya aike ki? Na tambaye ki abu ɗaya, kin amsa min goma da ban tambaya ba, ɗayan kuma kin ce sai mun zauna. Ai a zaune nake, ƙanwata, ba abin da nake yi sai zama.

Saura kwana ashirin da takwas.

Yayanki.

* * *

Ƙanwata,

Sallama. Da fatan yara sun warke. Sati biyu Antinki na zuwa tasha tana tambayar direba, yana juya mata hannu. Na hana ta kiranki. Na ce shiru ma amsa ce, kuma na ji. Kina da miji da yara da Oga, ba dole ki ɗauki kayan tsohon da ya zage ki ba. Takardata ta baya da zafi na rubuta ta, kowa ya ɗebo da zafi kuma bakinsa. Ki yafe min.

Labari ɗaya nake da shi. Yatsa manuni ya motsa. Na faɗa wa likitar gashi damuwata, ban faɗa mata komai na kalmar ba, sai ta ce in kawo kibod da ba a jona da komai ba. Tana ɗora hannuwana biyu a kai, ta ce in rufe ido in bar su. Hagu sai ya fara, ya buga nasa, ya tsaya yana jiran ɗan'uwansa, kamar mai tuƙa keke da feda ɗaya. Jiya dama ya amsa sau biyu. Na yi kuka a gaban yarinyar da ba ta kai 'yar cikina ba.

In lokaci ya cika ban ji daga gare ki ba, ban san sunan wa zan sa ba ko da makullin ya buɗe. Saura kwana goma sha uku.

Yayanki.

* * *

Yaya,

Barka da wannan yatsa! Na karanta wa maigidana, har ya ce a gaishe da manuni da kansa. Yara sun warke, mu ma lafiya. Ka ce wa Anti ta ci abinci, laifin nawa ne, ni na rubuta magana ba kai ba gindi. Na kira ta jiya na roƙe ta gafara, muka yi ta kuka a waya kamar an yi mana rasuwa.

Shiruna ba ƙi ba ne. Kunya ce da farko, don na rasa da wane ido zan rubuto maka. Daga baya aiki ne. Na ce ba zan sake zuwa maka da baki kawai ba, sai na ɗauko facin Mai Zumuɗi duka talatin da huɗu, ina karanta biyu ko uku kullum a lokacin cin abincin rana, a ɗakinmu mai sanyin nan da injin ke gurnani. Yaya, aikinsa mai kyau ne, abin da ya fi tsorata ni ke nan. Ya fi ni iyawa nesa ba kusa ba. Wuri ɗaya ne kawai, a takardar da ke faɗa wa inji yadda zai ɗaure ƙunshi, ya canza layi uku ya ce tsaftacewa ce. Na kwana huɗu a kan layukan nan. Ban ga aibunsu ba, ban kuma ga amfaninsu ba.

Na kai wa magatakarda, wannan karon a keɓe, na koyi darasi. Ya ce zargi ba hujja ba ne, kuma ba a hana mutum riƙo don ya cika ƙoƙari. Na tambaye shi ko akwai wata hanya. Ya ce akwai: ka yi sabon makulli, membobi biyu su gan ka ido da ido da katin shaidarka su tabbatar. Na ce a yi ta bidiyo, ya ce sashe na huɗu bai yarda ba. Na duba jerin membobi, banda ni da jarrabawa ta ɗaure, mafi kusa da kai tafiyar kwana biyu ce. Ɗaya ya ce zai so ya zo amma sai bayan wata biyu, ɗayan bai amsa ba. Na tambayi Anti ko za a iya ɗaukarka a mota, ta ce likita ya ce ko da wasa. Duk ƙofar da na taɓa, Yaya, sai in ga kai ka sa mata sakata.

Ga abin da na tuna, ko zai yi amfani. Ban taɓa kallon hannunka ba, ka hana, amma kunnena ya ji. Kana bugawa da sauri sau biyar, ka ɗan tsaya, sai uku a hankali, sai wata doguwa a guje, a ƙarshe ka buga babban maɓalli da ƙarfi kamar mai kashe sauro. Har kwaikwayonka nake yi a kan tire in Anti ta ba ni wanke-wanke. Ka ƙwanƙwasa wa hannun wannan kiɗan a tebur, wataƙila ya bi.

Amsar da ka nema: na karɓa. Ina tsoro, amma na karɓa. Ka sa sunana. Sai dai ina roƙonka, kada ka taɓa gwajin ƙarshe sai hannun ya yi ta daidai sau goma a jere a kan mataccen kibod. Kwana tara sun isa in Allah Ya so.

Ƙanwarka, wadda ba ta daina tambaya ba.

* * *

Ƙanwata,

Gaisuwa da godiya. Takardarki ta faranta min rai fiye da yadda zan iya rubutawa da wannan hannun. Mu nan lafiya, Antinki ta koma cin abinci.

Makullin ya kulle. Na fara da wannan don kada ki karanta sauran da sa rai.

Kiɗanki ya yi aiki. Antinki na ƙwanƙwasa shi a gefen tebur da cokali, ni ina rufe da ido. A rana ta biyar hannun ya tafi tun daga farko har ƙarshe. Ban san me ya buga ba, amma jikina ya san ita ce, kamar yadda kike gane takun maigidanki a ƙofa. Daga nan ya riƙa yi yana fasawa. Mafi yawan da na samu a jere huɗu ne. Matsalar yatsan zobe ce. Yana zuwa wurin da ya kamata, amma wani lokaci ya danna, wani lokaci ya shafa kawai, kuma ba na jin bambancin, don fatarsa ba ta dawo ba.

Goma ba ta samu ba, kwana ya ƙare. Rana ta casa'in da safe na yi wanka, na sa riga mai kyau, ban san dalili ba. Na rubuta layin da sunanki. Antinki ta cusa makullin ta juya baya, ita da kanta, ba sai na ce ba. Na ɗora hannu na buga.

Kin san in ana buga kalmar sirri a wajenmu allo ba ya nuna komai, ko ɗigo. Haka na saita tawa kwamfutar, haka Mai Gadi yake yi wa kowa, don kada na bayanka ya ƙirga tsawonta. Na zauna ina kallon baƙin allon nan, ban san ko haruffa sun cika ko ɗaya ya faɗi a hanya ba. Na goge na sake sau uku ban aika ba. A nan na tuna wani mutum. Shekara tara da suka wuce ya rubuto ya ce shi tsoho ne, hannunsa na rawa, yana yawan kulle kansa a waje, a taimaka a ba shi zaɓin ganin tauraro ɗaya kan kowane harafi don ya san ya danna. Na amsa masa da layi ɗaya, na ce wannan ba matsala ba ce, haka aka tsara. Na rufe maganar na tafi cin abinci. Ban sake tuna shi ba sai ranar.

Da zan iya buga ta a fili a wani shafi in ƙirga, in ga abin da ya fito. Antinki ma ta ce in yi. Na kasa, ƙanwata. Shekara goma sha bakwai kalmar nan ba ta taɓa bayyana a allo ba, kuma kwamfutar a jone take da intanet. Na ce in na yi haka na miƙa miki makullin da ban tabbata da tsarkinsa ba. Ki kira shi taurin kai, ba zan musa ba.

A na huɗu na ji kamar ta cika. Na buga babban maɓallin. Ya yi ɗan jim, ɗan hasken da ke jikin ƙarfen ya koma ja, ya tsaya a haka.

Antinki ta juyo ta ce, "Ya buɗe?" Na girgiza kai. Ta cire shi ta riƙe a hannu tana jujjuyawa, ta ce, "Ɗan wannan abin?" Sai ta mayar min da shi wuya, ta tafi ta ɗora ruwa. Ta faru ta ƙare, an yi wa mai dami ɗaya sata.

Ki yafe min, na sa kin karɓi abin da ban iya miƙa miki ba.

Yayanki.

* * *

Yaya,

Ina gaisuwa, ina kuma yi mana jaje baki ɗaya. Ya hannu? Kada ka daina zuwa gashi don wannan, hannun ba na makulli kaɗai ba ne. Mu lafiya. An gama jarrabawa, Oga ya ce ƙarshen wata zai sake ni in zo.

Ba zan ɓoye maka ba, tun da ka fi son magana a miƙe. Kwana biyu bayan cikar wa'adi aka sa Mai Gadi a jerin marayu. Na nema, Mai Zumuɗi ma ya nema. Aka ƙirga hidima, nasa talatin da huɗu, nawa bakwai kuma tsofaffi. An ba shi. Magatakarda ya rubuta maka godiya mai kyau, mutane da yawa sun sa albarka, na buga ta a takarda zan kawo maka. Sunanka yana nan a ƙasan shafin, a layin waɗanda suka riƙe a da.

Jiya ƙunshinsa na farko ya shigo rumbu. Ba na banza ba ne. Masu rubuta laburaren sun gano wata ɓaraka ta gaske, wadda za ta iya barin mutum ya shiga da sunan wani, kuma an riga an sanar da duniya. Gyaran yana cikin ƙunshin. Layukan nan uku ma suna ciki, sun kuma haifi na huɗu. Na karanta har idona ya yi ja, ban kama komai ba.

Na tsayar da sabuntawa a kwamfutocina ɗari biyu. In na riƙe, ƙofar da kowa ya san ta ɓalle tana nan a buɗe, ga sakamakon ɗalibai a ciki. In na saki, na shigo da abin da ban sani ba da hannuna. Na gwada ɗaure nawa ƙunshin ba tare da layukansa ba, ya ƙi haɗuwa da sauran manhajar, don ya riga ya canza abubuwa biyu da suka dogara da shi. Oga ya ga sanarwar, ya ba ni zuwa Litinin ta sama.

Kai ka san Mai Gadi fiye da kowa a duniya. Na haɗo maka layukan huɗu da manyan haruffa. Yaya, in saki ko in riƙe?

Ƙanwarka.

* * *

Ƙanwata,

Sallama. Muna lafiya, muna jiran ƙarshen wata. Antinki ta fara gyara ɗakinki na da, ta fitar da kwalayen wayoyina duka ta jibge a baranda.

Na karanta layukan. Na karanta da kaina, Antinki ta karanta min harafi harafi, ita da ba ta san ko ɗaya ba. Na kwana biyu a kansu. Da can in na dubi irin wannan, kafin in kai ƙarshe na san inda ya dosa. Yanzu in na kama na farko, kafin in isa na uku ya zame. Ashe ba hannu kaɗai ciwon ya taɓa ba. Ban faɗa wa kowa wannan ba, ko likita, sai ke da Antinki mai duba takardar.

Wataƙila mutumin kirki ne na zalunta da zato. Wataƙila kuma shi ne abin da na yi shekara goma sha bakwai ina tsaron ƙofa dominsa. Na so in ce miki saki, na so in ce riƙe, na rubuta kowanne na yage.

Ban sani ba, ƙanwata. Litinin jibi ce, direban kuma ya ce sai Talata zai iso wajenku.

Yayanki.